Giyar Maris da Bishiyoyin Munich

Yau shirin namu ya leƙa jihar Bavariya da ke kudancin Jamus, inda kaka ta kama, ganyaye suka fara yin ja. Na san da yawanmu ba ma kusantar giya, kuma ba tallarta na zo yi ba. Wani suna ne ya tsaya mini a rai. Giyar da Jamusawa suka fi dangantawa da kaka, Märzen suke ce mata, wato giyar Maris. Ina ruwan Maris da kaka?

Amsar tana cikin wata doka. A shekarar 1553, mai mulkin Bavariya Albrecht na Biyar ya hana dafa giya daga 23 ga Afrilu har zuwa 29 ga Satumba, saboda a lokacin zafi lalacewa take yi, ta yi tsami. Don haka da Maris ya kama sai masu sana'ar su duƙufa, su dafa mai yawa, su ƙara mata sha'ir domin ta jure ajiya.

To, a ina za a ajiye ta, babu firji, babu lantarki?

Sai suka haƙa ɗakuna a ƙarƙashin ƙasa, a gangaren kogin Isar da ke Munich. Da hunturu, idan tafkuna sun daskare, maza su fita da zarto su yanko ƙanƙara gunduwa-gunduwa, a loda wa keken doki, a jibge ta kusa da gangunan. Ƙanƙarar Janairu, jama'a, ita ake lallaɓawa har ta kai Agusta! Duk da haka rana na dukan ƙasar da ke sama. Sai suka zuba tsakuwa, suka dasa bishiyar da suke kira Kastanie, mai faɗin ganye, mai inuwa luf, wadda saiwarta ba ta nitsawa can ƙasa balle ta fasa rufin ɗakin. Duk wanda ya taɓa binne gindin randa cikin jiƙaƙƙen yashi a inuwa ya gane dabarar nan.

Kuma inda inuwa take, nan mutane ke taruwa. Aka jera teburori a gindin bishiyoyin. Masu gidajen abinci suka koka cewa ana ƙwace musu ciniki, sai sarki Maximilian na Farko ya raba gardama a 1812: a sayar da abin sha da burodi, ban da sauran abinci. Shi ya sa har yau za ka ga iyali sun zo wuraren nan da kwandon abincinsu daga gida, babu mai ce musu uffan.

Lokaci na harararmu, bari in taƙaita. A 1873 injiniya Carl von Linde ya kafa wa kamfanin giya na Spaten injin sanyaya kaya, daga nan sana'ar yankan ƙanƙara ta kama hanyar mutuwa. Bikin kaka na Munich kuwa, wato Oktoberfest, da ɗaurin auren Yarima Ludwig da Gimbiya Therese ya soma a Oktoban 1810, har da sukuwar dawaki. Yanzu mutum kusan miliyan 6 ke zuwa duk shekara, kamfanoni 6 na Munich kaɗai ke sayar da giya a wurin, kuma akwai irin da ba ta da sinadarin sa maye. Bishiyoyin Kastanie kuwa suna nan, a Satumba 'ya'yansu ke faɗowa kan tebur.