Kafin a Ɗauki Jaka: Abin da Bizar Karatu ke Bayarwa da Abin da Take Hanawa

A shekarar 2024 wani labari ya karaɗe kafofin yaɗa labarai, ya kuma taɓa zuciyar duk wani ɗalibi ɗan Zamfara. Ɗalibai sama da 80 da gwamnatin jiha ta tura karatu Arewacin Saifurus tun zamanin Gwamna Bello Matawalle sun shiga halin ƙaƙa-ni-ka-yi. Ba jarrabawa suka faɗi ba, ba su kuma yi wa kowa laifi ba. Kuɗin makaranta ne ba a biya ba, bashi ya taru a jami'arsu, wato Cyprus International University. Gwamnatin Dauda Lawal ta ce gadar bashin ta yi, ta shiga tantance shi. Kafin a kai ga mafita, takardun izinin zama na wasu daga cikinsu sun ƙare, suka koma zaman ɗarɗar a ƙasar mutane.

Mu da muke jami'a yanzu, jiya-jiyan nan muka bar bencin da kuke zaune a kai. Mun san yadda ake ji a Ɗan Isa, ko Ƙauran Namoda, ko Shinkafi, ko Zurmi idan aka ce wane ya samu gurbin karatu a waje. Sai ka ji ana cewa ai ya haye. Iyaye su yi ta karɓar barka, ƙanne su fara lissafin tsaraba. Ba kasafai ake tambayar da wace takarda zai zauna a can ba, wa zai riƙa biyan kuɗinta duk shekara, kuma idan ya gama me dokar ƙasar ta yarda ya yi.

Biza aro ce

Takardar ɗaukar ɗalibi daban, biza daban. Makaranta ke bayar da ta farko, gwamnatin ƙasar ke bayar da ta biyu, kuma ta biyun a rataye take a jikin ta farko. Muddin sunanka na cikin rajistar makaranta, kana da izinin zama. Ranar da aka cire sunan saboda rashin biyan kuɗi ko rashin zuwa aji, izinin ya fara tangal-tangal. Abin da ya rutsa da 'yan'uwanmu a Saifurus ke nan. Ga kuma wani ƙarin nauyi: Arewacin Saifurus yanki ne da ƙasar Turkiyya kaɗai ta amince da shi a matsayin ƙasa, Nijeriya ba ta da ofishin jakadanci a can. Tun a 2020 shugabar hukumar kula da 'yan Nijeriya mazauna ƙetare, Abike Dabiri-Erewa, ta gargaɗi iyaye game da tura 'ya'yansu yankin.

Kada a ɗauka ɗaliban gwamnati kaɗai abin ke samu. A watan Yunin 2023 aka saki darajar naira ta bi kasuwa. Dalar da ake saya wajen naira 460 a farashin hukuma ta haura 1,500 a farkon 2024. Wanda mahaifinsa ya sayar da gona ko shanu ya tara kuɗin shekara biyu, sai ya wayi gari kuɗin ba su kai na shekara ɗaya ba. A watan Mayun 2024 wasu ɗaliban Nijeriya a Jami'ar Teesside da ke Ingila suka kasa cika kuɗin makaranta a kan lokaci, jami'ar ta sanar da hukumomin shige da fice, aka aiko musu takardar su bar ƙasar.

Shi ya sa ƙasashen nan ke son ganin kuɗi tun kafin su buga biza. Birtaniya na buƙatar ka nuna kuɗin makaranta na shekarar farko da kuɗin zama na wata tara, sama da fam 1,100 a kowane wata idan makarantar ba a Landan take ba, kuma sai kuɗin sun kwana 28 a asusun banki ba tare da sun ragu ba. Akwai kuɗin lafiya fam 776 duk shekara, akwai gwajin tarin fuka da ake zuwa Abuja ko Legas a yi. Jamus, inda yawancin jami'o'in gwamnati ba sa karɓar kuɗin karatu, ta ce a ajiye kusan yuro 12,000 na shekara a wani asusu da ake kullewa, ana sakar maka kaɗan-kaɗan duk wata. Kanada ta ninka nata a 2024, daga dalar Kanada 10,000 zuwa 20,635, kuma ta ƙara tun daga lokacin.

Wani zai ce, to ai in na je zan yi aiki in biya. A nan mutane da yawa ke faɗawa rami. A Birtaniya awa 20 kacal a mako doka ta yarda ɗalibin digiri ya yi aiki lokacin da ake karatu. Kuɗin awa 20 na iya sayen abinci da rage kuɗin haya, amma ba za su biya kuɗin makaranta ba. Wanda ya zarce awannin ya karya sharaɗin bizarsa, ko da kuwa aikin wanke-wanke ne.

Bayan an karɓi kwali

Abin da ke jan hankalin matasa da yawa shi ne damar zama a yi aiki bayan kammalawa. Damar tana nan, sai dai kowace ƙasa da nata ma'auni, kuma ma'aunin na canzawa da siyasar ƙasar.

A watan Yulin 2021 Birtaniya ta buɗe tsarin da take kira Graduate Route, wanda ke ba mai digiri na farko ko na biyu shekara biyu ya nemi aiki, mai digirin digirgir kuma shekara uku. 'Yan Nijeriya suka yi tururuwa. A Janairun 2024 aka hana yawancin ɗalibai tafiya da iyali. A 2025 kuma gwamnati ta sanar da rage shekara biyun zuwa wata 18 daga farkon 2027. Ku lura da kyau: wanda yake aji biyar na sakandare yau, dokar da zai tarar ranar da ya gama digiri ba lallai ta zama wadda yayansa ya ba shi labari ba.

Jamus na ba da wata 18 a nemi aikin da ya dace da karatun da aka yi, amma wanda bai iya Jamusanci ba zai sha wuya. Kanada na ba da izinin aiki har na shekara uku, sai dai ba kowace makaranta ko kowane kwas ke kai mutum ga wannan izini ba, don haka a bincika kafin a biya ko kwabo. Amurka na ba da wata 12, da ƙarin wata 24 ga waɗanda suka karanta kimiyya, fasaha, injiniyanci ko lissafi. Amma ƙofar Amurka ta ƙuntata sosai ga 'yan Nijeriya: a Yulin 2025 ta mayar da yawancin bizarmu ta shiga sau ɗaya cikin wata uku, a Disamba kuma ta saka Nijeriya cikin ƙasashen da ta taƙaita ba su bizar karatu.

Duk waɗannan izini na wucin gadi ne. Idan wa'adi ya cika ba ka samu kamfanin da zai tsaya maka ba, gida za ka dawo.

Dawowar ma da takardunta

Mu 'yan bakin iyaka, "waje" ba sai an hau jirgi ba. Maraɗi na nan kusa da mu, kuma 'yan Nijeriya da yawa sun yi karatu a can, musamman a Jami'ar Maryam Abacha. Nijar ta fice daga ƙungiyar ECOWAS a Janairun 2025, don haka mai niyyar zuwa ya tambayi halin da ake ciki game da takardun zama, kada ya dogara da yadda aka saba.

Ko daga Maraɗi ka dawo ko daga Landan, sai Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta tantance kwalinka kafin ka tafi bautar ƙasa. Wanda ya karanta likitanci a waje sai ya ci jarrabawar hukumar likitoci ta MDCN kafin ya taɓa majiyyaci. A Janairun 2024 gwamnati ta dakatar da tantance digirin Jamhuriyar Benin da Togo, bayan ɗan jaridar Daily Nigerian, Umar Audu, ya nuna yadda ya samo digiri daga Kwatano cikin mako shida. Matakin ya shafi har waɗanda suka yi karatunsu tsakani da Allah. Tambayar ko Nijeriya ta amince da makaranta, kafin tafiya ake yin ta.

Akwai abu guda da ke hannunku tun yanzu, kuma ba ya cin ko sisi. Ku dubi yadda aka rubuta sunanku da ranar haihuwarku a takardar haihuwa, da lambar NIN, da rajistar WAEC ko NECO. A wajenmu abu ne mai sauƙi mutum ya zama Muhammadu a wannan takarda, Muhammad a waccan, a ta uku kuma an lika masa sunan garinsu, Zurmi ko Shinkafi. A gida kowa ya san mutum ɗaya ne. Jami'in da ke duba takardun biza bai san haka ba, abin da ke rubuce kawai yake gani. Gyara harafi ɗaya kafin malami ya tura sunayen masu jarrabawa aikin minti biyar ne a ofishin makaranta. Bayan an buga sakamako, sai an haɗa da rantsuwar kotu, da kuɗin mota zuwa Gusau, da jiran watanni.