Ƙofofi Biyu A Jikin Amfilifaya: Ta Wacce Sauti Zai Shiga?

Duk wanda ya saba tsayawa bakin titi a Boɗinga ranar da ake kai amarya ya san motar da ke da wufa. Tun kafin ka hango ta, ƙirjinka ya riga ya ji dum-dum ɗinta. Mu ma abin ya daɗe yana burge mu, har zuwa hutun da ya wuce, lokacin da muka ga kuɗin wani yayanmu sun tashi a hayaƙi saboda wayoyi biyu kacal.

Yayan namu direba ne, yana jigila da Golf tsakanin Sakkwato da Shagari. Ya yi wata uku yana tari, ya sayi wufa da amfilifaya na hannu, ya ba wani yaro ya haɗa masa. Yaron ya leƙa bayan rediyon motar, bai ga ramin da zai soka waya ba. Sai ya yanke kan wayar nan mai ja da fari, ya murɗe ta da wayoyin sifika, ya naɗe da salatif. Sun taso daga Sakkwato kiɗa na tashi. Ba su kai Boɗinga ba rediyo ya yi shiru, warin ƙonewa ya cika mota. Da muka je duba shi, abin da ya ce kawai shi ne, "Ƙanena, ku da ke boko, ku gaya min mi ya faru."

Ga abin da ya faru. A jikin yawancin amfilifayoyin mota akwai ƙofofi biyu da sauti ke shiga. A ɗaya an rubuta Low, a ɗayar an rubuta High. Ƙaramar ƙofa ita ce ramukan ja da fari, irin waɗanda kuke gani a bayan talabijin da DVD, ana kiran su RCA. Sautin da ke bi ta nan bai riga ya yi ƙarfi ba, a rediyoyi da yawa bai wuce bolt 2 zuwa 4 ba. Babbar ƙofa kuwa an yi ta ne don wayoyin sifika, waɗanda rediyo ya riga ya ƙara wa ƙarfi.

'Yan ajin Fiziks, ku ɗauko biro. Ku ɗauka rediyo na ba sifika mai om 4 ƙarfin wat 16. Ku ninka 16 da 4, ku sami 64. Wace lamba ce idan aka ninka ta da kanta za ta ba da 64? Takwas. Wato bolt 8 ke yawo a wayar, ninki huɗu na bolt 2. Tura wannan ta ƙaramar ƙofa kamar juye ruwan jarka ne a bakin kwalba. Sauti zai shaƙe, ya fito a dagule, wufa ta yi ta zafi.

Amma ba wannan ya kashe rediyon yayanmu ba. A yawancin rediyoyin mota, wayoyi biyun da ke zuwa kowace sifika duk suna ɗauke da wuta, babu wadda take a matsayin ƙasa. Zoben waje na RCA kuwa a amfilifayoyi da yawa haɗe yake da jikin mota. Da yaron ya murɗe su, sai ya zama ya haɗa wuta da ƙarfen mota kai tsaye. Wani rediyon yana da kariya, zai kashe kansa. Nasa bai yi wannan sa'ar ba.

To wacce za a zaɓa? A ganinmu ba a wajen mai sayar da wufa amsar take ba, tana bayan rediyonka. Idan an canza shi zuwa irin su Pioneer, Sony ko Kenwood masu ramukan ja da fari, bi ƙaramar ƙofa. Sautin ya fi fitowa tas, kuma sau da yawa kana iya rage ko ƙara wufa daga kan rediyon. Sai dai a nan dole a ja wata siririyar waya, yawanci shuɗiya mai farin layi, wadda ke gaya wa amfilifaya ya tashi idan an kunna rediyo. Kuma kada wayar RCA ta bi gefe ɗaya da babbar wayar batir, in ba haka ba za ka riƙa jin wani fito yana hawa yana sauka duk lokacin da aka taka totur.

Idan kuwa rediyon da mota ta zo da shi ne, ba shi da ramukan, babbar ƙofa ba abin kunya ba ce. Samari da yawa na raina ta, suna ganin ta marasa kuɗi ce. Mu dai a kan wufa, a mota cike da fasinja, gilashi a sauke, ba mu ga kunnen da zai bambance su ba. Wasu amfilifayoyin ma da kansu suke tashi da zarar sun ji sauti ta wannan ƙofa. Idan naka ba shi da ita, akwai ɗan akwati da 'yan rewaya ke kira kwambata, yana karɓar wayoyin sifika ya rage musu ƙarfi, ya fitar ta ja da fari. Shi ne abin da yaron nan ya tsallake.

Maɓallin da aka rubuta wa Gain kuma ba na ƙara murya ba ne, na daidaita amfilifaya da ƙarfin abin da ke shigo masa ne, don haka ba a murɗe shi har ƙarshe. Fis kuwa kusa da batir ake sa shi, cikin santimita 45, domin idan wayar ta goge ta taɓa ƙarfe a zafin Afrilun Sakkwato, fis ne zai tsinke maimakon kujera ta kama da wuta.

Yayanmu ya sake yin sati biyu yana tari. Wannan karon wajen wani dattijon rewaya muka raka shi, wanda bai taɓa komai ba sai da ya zaro sabon rediyon ya juya bayansa. Ya ga ramuka ja da fari, ya ce wa yaronsa, "Miƙo min doguwar wayar can."