Yadda Maganin Kashe Ƙwayoyin Cuta Yake Shiga Idon Dabba Da Yadda Yake Fita



Duk wanda ya taɓa zama da makiyaya ya san ciwon idon da yake kama shanu, musamman da damina lokacin da ƙudaje suka yi yawa. Ido ya yi ja, hawaye su yi ta zuba, daga nan hakiya ta fito, wani lokaci ma saniya ta makance. Ƙwayar cutar da ta fi haddasa shi ita ce masana suke kira Moraxella bovis. Sau da yawa makiyayi yakan ɗiga magani sau ɗaya, da ya ga babu sauƙi sai ya ce maganin jabu ne. Alhali amfanin magani a ido ya rataya ne a kan abu biyu: nawa ne ya shiga, kuma tsawon wane lokaci ya zauna.

Bari mu fara da shiga. An halicci ido da katangu masu tsare shi. Ta fari ita ce hawaye. Da zarar an ɗiga magani sai ƙiftawa da hawaye su kwashe mafi yawansa, ya zube waje ko ya bi magudanar da take gangarawa hanci. Gwaje-gwajen da aka yi, galibi a kan zomaye, sun nuna cewa abin da yake kaiwa cikin ido yawanci bai kai kashi 5 cikin 100 ba.

Katanga ta biyu ita ce fatar nan garai-garai da take gaban baƙin ido. Bayanta yana karɓar abin da yake narkewa a mai, tsakiyarta kuwa, wadda ita ce kusan kashi 90 cikin 100 na kaurinta, tana karɓar abin da yake narkewa a ruwa. Saboda haka sai maganin da ya haɗa halayen biyu yake ratsa ta da sauƙi. Kuloramfenikol yana da wannan hali, amma an hana amfani da shi ga dabbobin da ake ci a Amurka da Tarayyar Turai, domin yana iya lalata ɓargon mutum. Finisilin kuwa ba ya ratsa lafiyayyar fatar sosai, sai in gyambo ya buɗe masa hanya.

Katanga ta uku tana tsakanin jini da ruwan cikin ido, ita ce take tare yawancin maganin da aka yi wa dabba allurarsa a tsoka. To, me ya sa allurar oksitetirasaikilin take yi wa shanu aiki? Dalili shi ne ƙwayar cutar a farfajiyar ido take zaune, maganin kuma yana taruwa a naman da ya shimfiɗe cikin fatar ido da kuma mafitar hawaye.

Sai batun fita. Ruwan da yake gaban ido kullum sabunta kansa yake yi, tsohon yana malala cikin jijiyoyin jini, yana tafiya da maganin da ya shiga. Cikin 'yan sa'o'i ƙarfin maganin ya ragu ƙwarai. Shi ya sa ake maimaita na ɗigawa sau da yawa a yini, shi ya sa kuma na shafawa, wanda ya fi daɗewa a ido, ya fi dacewa da garke.

Idan magani ya yi ƙaranci ko aka yanke shi da wuri, ƙwayoyin cuta masu taurin rai su ne za su tsira su yaɗu, har maganin ya daina yi musu kome. Maganin allura kuma yana ragewa a nama da madara, don haka wajibi ne a jira wa'adin da aka rubuta a jikin kwalba kafin a sha nono ko a yanka. Ina roƙon ma'aikatan da suke hulɗa da makiyaya su isar musu da wannan: a nemi likitan dabbobi da wuri, a kori ƙudaje, a kuma cika kwanakin magani.