Idan shiri ya ƙare a talabijin: Yadda masu kallo ke bin taurarinsu zuwa littafin zane

Da zarar an idar da sallar isha'i a Coal Camp, tsohuwar unguwar ma'aikatan kwal da ke tsakiyar birnin Inugu, sai hayaniyar masu sayar da kayan gyaran mota ta lafa, ƙarar janareta ta maye gurbinta. A irin wannan lokaci ne Hausawa mazauna yankin, 'yan albasa da mahauta da masu gyaran takalma, ke taruwa a teburin mai shayi. Idan akwai wuta, talabijin ce ke haɗa su. Idan babu, wayar mutum ɗaya ta wadatar da mutum biyar. Abin kallon dai bai wuce wanda ake kallo a Fagge ko Tudun Wada ba: Labarina, Daɗin Kowa, Izzar So. Kashi na ƙarewa gardama ke tashi, kowa na hasashen abin da zai faru mako mai zuwa.

'Ya'yansu da aka haifa a nan kuwa wata hanya suka bi. Da yawansu sun fi sakin jiki da Turancin Buroka da Ibo a kan titi, kuma abin da ya ɗauke musu hankali shi ne zane mai motsi na ƙasar Japan. Abin lura shi ne ba sa tsayawa inda talabijin ta tsaya. Shirin Demon Slayer ya fara fita a allo a 2019, amma littafin zanen da aka ɗauko shi daga ciki ya kammala tun 2020, cikin juzu'i 23. Duk yaron da ya ƙagu ya san ƙarshen labarin ba ya jiran kamfani. Sai ya nemi littafin a waya ya karance. Haka ya faru da Naruto, wanda Masashi Kishimoto ya zana daga 1999 zuwa 2014 har babi 700, alhali shirin talabijin ɗinsa bai kai ƙarshe ba sai 2017. Littattafan Japan daga dama zuwa hagu ake karanta su, lamarin da ke rikita sabon shiga, amma ban da yaron da ya tashi a makarantar allo.

To, uban da ke teburin mai shayi fa? Idan shirinsa ya tafi hutu, ko aka dakatar da shi, babu wani shafi da zai buɗe. Wannan giɓi shi ne abin dubawa, kuma abin mamaki, a Inugu ɗin nan aka taɓa gwada cike irinsa kusan shekara arba'in da suka wuce.

Garin kwal, garin talabijin

Kwal ne ya haifi Inugu. An gano shi a tsaunukan Udi a 1909, aka shimfiɗa layin dogo zuwa Fatakwal domin fitar da shi, leburori suka kwararo daga ko'ina, aka yi musu matsuguni a Coal Camp. Fatake da dillalan shanu daga Arewa sun biyo jirgin, suka zauna, har ta kai a shekarun 1950 Malam Umaru Altine, Bafulatanin ƙasar Sakkwato, ya zama magajin garin Inugu na farko. Zaman Hausawa a nan ba na jiya ba ne, ko da yake yaƙin basasa ya katse shi na wani lokaci.

Garin ya yi suna a harkar talabijin ma. A 1960 gwamnatin Jihar Gabas ta buɗe tasharta a nan, shekara ɗaya bayan ta Ibadan, shekara biyu kafin ta Kaduna. Daga Inugu The New Masquerade ya fito, wanda James Iroha ya ƙirƙira, Chika Okpala kuma ya yi fice a cikinsa da sunan Zebrudaya. A nan kuma aka riƙa ɗaukar Basi and Company, wasan barkwancin da Ken Saro-Wiwa ya rubuta ya kuma shirya, wanda NTA ta nuna daga tsakiyar shekarun 1980 zuwa 1990.

Duk ma'aikacin gwamnatin da ya haura shekara arba'in da biyar zai iya tuna Basi, ko Mista B: matashi mara aikin yi a wani titi na Legas, mai mafarkin zama miloniya ba tare da ya yi gumi ba, kullum cikin wasan ɓuya da matar da yake haya a gidanta. Albert Egbe ne ya fara hawa matsayin, daga baya Zulu Adigwe ya karɓa. Dabarun Basi duk a kansa suke ƙarewa, kamar dai Gizo a tatsuniya, kuma marubucin bai ɓoye cewa daga tatsuniyoyin gargajiya ya ɗebo halin tauraron nasa ba.

Abin da ya bambanta Saro-Wiwa da sauran masu shirya wasanni na zamaninsa shi ne yana da kamfanin ɗab'i na kansa, Saros International, mai ofis a Fatakwal. Tun shirin na tashe ya fara mayar da shi takarda. A 1987 ya fitar da labarin Basi a matsayin ƙagaggen littafi, ya biyo da wasu daga cikin wasannin kamar yadda aka rubuta su, sannan ya jero ƙananan littattafan yara masu hotuna a kan Mista B. Ba littattafan zane zalla ba ne irin na Japan, domin rubutu ya fi zane yawa a cikinsu, amma manufar ɗaya ce: yaron da ya san Basi a allo zai yarda ya bi shi cikin littafi, ko da kuwa ba ma'abocin karatu ba ne. An rataye Saro-Wiwa a Fatakwal ranar 10 ga Nuwamba, 1995, kan wani al'amari dabam da ya shafi gwagwarmayar Ogoni. A yau, wanda ya nemi ya kalli Basi daga farko zuwa ƙarshe zai sha wahala, domin gutsattsari ne suka fi yawo a intanet. Littattafan kuwa suna nan a ɗakunan karatu na jami'o'i, ciki da wajen ƙasar nan. Kaset ya ci amanar shirin, takarda ta riƙe shi.

Hanyar tana da zuwa da dawowa

A Legas, Wale Adenuga ya bi hanyar ta ɗaya gefen. A 1976 ya fara buga mujallar zane ta Ikebe Super, inda Papa Ajasco mai sanƙo da Pa Jimoh da Boy Alinco suka fara bayyana, daga baya ya ƙara da Super Story da Binta. Da tattalin arziki ya karye a ƙarshen shekarun 1980, takarda ta yi tsada, masu saye suka ragu, sai ya kwashe taurarinsa ya kai su talabijin. Papa Ajasco ya zama shiri a shekarun 1990, Super Story kuma a 2001. Miliyoyin da suka san su a allo ba su taɓa riƙe mujallar ba.

Kafin wannan ma, dattawan Kano da Kaduna na tuna mujallar African Film ta ƙarshen shekarun 1960, mai ɗauke da labarin jami'in bincike Lance Spearman cikin hotunan kyamara, da maganganu a rubuce a saman kawunan 'yan wasa. Fim ne a kan takarda, ga mutanen da sinima ta yi wa nisa ko tsada. Anacha kuwa, tun ƙarshen shekarun 1940 kasuwarta ta nuna cewa ƙaramin littafi mai araha na iya samun dubban masu saye a tsakanin 'yan tireda da 'yan koyon sana'a.

A Amurka abin ya zama sana'a mai zaman kanta. Shirin Buffy the Vampire Slayer ya ƙare a 2003 bayan zango bakwai. A 2007 kamfanin Dark Horse ya fara buga zango na takwas a littafin zane, kuma wanda ya ƙirƙiri shirin, Joss Whedon, shi ya rubuta farkonsa. Misalin da ya fi kusa da yaran Najeriya shi ne Avatar: The Last Airbender. Shirin ya rufe a 2008 ya bar tambaya guda a buɗe: ina mahaifiyar Zuko ta shiga? Ba a ba da amsar a talabijin ba. Sai a 2013 aka warware ta a littafin zane mai suna The Search. Wanda yake son amsa, dole ya karanta.

Dalilin da ya sa kamfanoni ke yin haka ba boyayye ba ne. Shiri na buƙatar 'yan wasa, da kyamara, da wurin ɗauka, da mai ɗaukar nauyi. Idan ɗaya ya janye, komai ya tsaya. Littafin zane marubuci ɗaya da mai zane ɗaya na iya fitar da shi. Tauraron da aka zana ba ya tsufa, ba ya neman ƙarin kuɗi, ba ya saɓawa da darakta ya fice a tsakiyar zango, matsalar da masu kallon finafinan Hausa suka sani sarai.

Ina na Hausa?

A ƙasar Hausa, ruwan gefe ɗaya yake gangarawa: daga littafi zuwa allo. An mayar da Magana Jari Ce na Abubakar Imam wasan talabijin a Kaduna. In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino da Alhaki Kwikwiyo na Balaraba Ramat Yakubu sun zama finafinai a shekarun 1990. Da Arewa24 ta buɗe a 2014, marubutan littattafai irin su Fauziyya D. Sulaiman da Nazir Adam Salih na cikin waɗanda suka riƙa rubuta mata wasanni. Wato alƙaluman suna nan. Abin da bai zama al'ada ba shi ne a ɗauki Malam Nata'ala ko Kamaye na Daɗin Kowa a zana su, a ba su sabon labari a shafi talatin da biyu, a kai tasha da bakin masallaci a sayar.

Masu harkar suna da hujjojinsu, kuma ba na banza ba ne. Takarda daga waje ake shigo da mafi yawanta, farashinta na bin dala. Satar fasaha ta riga ta durƙusar da kasuwar faifan bidiyo, kuma littafin zane ya fi sauƙin sata, tunda ɗaukar hoton shafi da waya ya isa. Akwai iyayen da ke ƙyamar zanen mutum saboda dalilin addini, akwai kuma masu ganin abin na yara ne. Sai dai hujjar tsadar takarda ta yi rauni tun da kamfanin Comic Republic, wanda Jide Martin ya kafa a Legas a 2013, ya riƙa sakin littattafansa kyauta a intanet yana neman kuɗi ta wasu ƙofofi. Iyanu na Roye Okupe, wanda ya ginu a kan al'adun Yarabawa, a littafin zane ya fara, kuma a 2025 ya zama shiri a Cartoon Network.

Buƙatar ta fi tsanani a wurare irin su Coal Camp, da Bida Road a Anacha, da unguwannin Hausawa na Fatakwal. Yaron da ya tashi a Kano zai ci karo da rubutun Hausa ko bai so ba, a allon shago da bayan Adaidaita da darasin aji. Na Inugu ba haka ba ne. A makarantar boko Turanci da Ibo ake koya masa, a Islamiyya Larabci. Hausarsa ta baka ce, ta gida da ta talabijin. Yana iya fahimtar duk abin da aka faɗa a Labarina, amma a miƙa masa wasiƙar kakarsa daga Gumel sai ya yi ta in'ina, ƙ da ɗ da ɓ su zame masa baƙi. Littafi mai shafi ɗari biyu ba zai ja shi ba. Shafi mai hoton fuskar da ya sani, da jimla biyu a samanta, zai iya. Wannan ne lissafin da Saro-Wiwa ya yi da Turanci, kuma babu abin da ya hana a yi shi da Hausa.

Akwai kuma batun adana tarihi, wanda ya kamata ya dami masu riƙe da fayil a Abuja. A watan Mayun 2025 Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano ta dakatar da shirye-shirye masu dogon zango 22, ciki har da Labarina da Daɗin Kowa, kan batun gabatar da su domin tacewa. An daidaita daga baya, amma lamarin ya nuna yadda sanarwa guda ke iya tsayar da abin da miliyoyi ke bi. Yawancin waɗannan shirye-shirye a YouTube kaɗai suke zaune, a shafin da za a iya rufewa ko a yi wa kutse cikin dare ɗaya. Hukumar Finafinai ta Najeriya na da ma'adanar fim da sauti a Jos, an kuma kafa ma'aikatar al'adu da tattalin arzikin fasaha a 2023, ga sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sanya wa hannu a shekarar. Amma tsohuwar dokar Ɗakin Karatu na Ƙasa ta 1970 ita ce ta fi sauƙin aiki: duk mai ɗab'i mai zaman kansa wajibi ne ya ajiye kwafi uku na abin da ya buga. Shirin da ya shiga littafi ya shiga wannan rumbu, da lambarsa da shekararsa.

Ba tallafin biliyoyi ake magana ba. Abin da ya rage shi ne mai shiri ya yarda ya ba da lasisin taurarinsa, a rubuta yarjejeniyar da za ta fayyace rabon marubuci da na mai zane da na ɗan wasan da aka ari fuskarsa, sannan a samu mai saye na farko. Hukumomin da ke buga dubban ƙasidun wayar da kai kan rigakafi da rajistar zaɓe, waɗanda akasari a kwandon shara suke ƙarewa, suna iya zama wannan mai saye. Masu zanen ma ba sai an je Legas ba. Sashen koyar da zane na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya na yaye su duk shekara, da yawansu kuma a zanen allon talla da katin biki suke ƙarewa.

A teburin mai shayi na Coal Camp, idan kashin mako ya ƙare aka kashe janareta, uba kan mayar da wayarsa aljihu ya jira mako mai zuwa. Ɗansa kuwa yana gefe a kan benci, fuskarsa cikin hasken waya, yana karanta labarin Japan da Turanci, daga dama zuwa hagu.