Sifiri Daban, Gurbin Wofi Daban

'Yan'uwa ɗalibai, duk wanda ya taɓa fita tattara bayanai don kundin digiri ya san cewa wahalar ba ta ƙarewa a filin bincike. Ni tawa ta soma ne bayan na dawo daga kasuwar Farin Gada a nan Jos, inda na yi hira da 'yan kasuwa masu jin Birom domin in ga yadda kalmomin Hausa ke shiga harshensu. Kowa na nuna masa hotuna ashirin, goma na sunaye goma na aikatau, ina ƙirga waɗanda ya kira da Hausa.

Na zuba amsoshin a manhajar Microsoft Access, wadda ta fara fitowa a 1992. Na yi fom mai gurabe biyu, Suna da Aikatau, da akwati na uku da ke haɗa su: =[Suna]+[Aikatau]. A gindin fom ɗin kuma na sa =Sum([Aikatau]) domin ya nuna jimillar kowa da kowa. A nan ne wurin Sum. Kuma sunan gurbin tebur take so. In ka ba ta sunan akwatin da shi ma lissafi yake yi, #Error za ka gani.

Komai ya tafi daidai sai da na iso kan wata mai sayar da tumatir. Ta amsa sunaye, amma kafin mu kai ga aikatau motar kayanta ta iso, ta yi mini sallama. Gurbinta na aikatau ya zauna wofi, sai akwatin jimillarta ma ya fito fari fat, duk da tana da 7 a sunaye.

Dalili kuwa shi ne, a wurin kwamfuta gurbin da ba a cike ba sunansa Null, wato "ba a sani ba". Wannan tunani yana cikin tsarin rumbun bayanai mai tebura da E. F. Codd na kamfanin IBM ya kafa harsashinsa a 1970. Bakwai a haɗa da abin da ba a sani ba, amsar ita ma ba a sani ba ce. Ita kuwa Sum tsallake irin wannan gurbi take yi ba tare da ta faɗa maka ba.

Wani aboki ya koya mini maganin: =Nz([Suna],0)+Nz([Aikatau],0). Nz tana mayar da wofi sifiri. Jimilla ta fito, na yi murna.

Sai dai ɗalibin harshe ya fi kowa sanin cewa "babu" da "ban sani ba" korewa ce iri biyu. Akwai wani dattijo da bai kira ko aikatau ɗaya da Hausa ba; nasa sifiri ne na gaskiya, kuma shi ne ma hujja mafi daraja a binciken. Mai tumatir kuwa ba a tambaye ta ba. Nz ta sa su a kwando ɗaya. A ce mutum uku ne, ɗaya 8, ɗaya 6, ɗaya wofi. Avg za ta raba 14 gida biyu, ta ba ka 7. In ka cusa sifiri, rabon ya koma gida uku, ka sami kusan 4.7, ka rubuta cewa aron aikatau bai yi yawa ba, alhali kai ne ka ƙirƙiro amsar. Ranar kare kundi wannan ba ƙaramar tambaya ba ce.

Abin da na yi daga baya shi ne na cire Nz, na bar gurbin mai tumatir yadda yake. A gindin fom, kusa da jimilla, na ƙara akwati biyu: =Count(*) mai ƙirga duk waɗanda na yi hira da su, da =Count([Aikatau]) mai ƙirga waɗanda suka amsa ɓangaren aikatau kaɗai. Bambancin da ke tsakaninsu shi ne yawan mutanen da sai na koma Farin Gada na nema, ko kuwa in bayyana a babi na uku cewa ba su kammala ba.