Ruwan Tiga daga Duwatsun Doguwa Yake Tasowa

Manomin tumatir a Kadawa yana da dalilin tambayar yadda damina ta kaya a Doguwa da Tudun Wada. Ruwan da ke gangarowa daga duwatsun Riruwai, ya ratsa dajin Falgore, shi ke cika Kogin Kano har ya taru a madatsar Tiga da ke Bebeji. Da shi ake noman rani a Kura da Bunkure da Garun Malam, kuma birnin Kano na sha daga cikinsa ta matatar Tamburawa.

An kammala Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, daidai lokacin da fari ke halaka dabbobi a yankin Sahel. Tana ɗaukar ruwa kusan kubik mita biliyan 2. Wani farin ya sake bugawa a 1983 da 1984, sannan damina ta riƙa farfaɗowa daga shekarun 1990.

Sai dai yawan ruwan sama ba shi kaɗai ne lissafin ba. Yadda yake sauka ma abin dubawa ne. Yayyafi mai daɗewa yana ratsa ƙasa, ya ciyar da rijiyoyi da fadamun Kiru har tsakiyar rani. Mamakon da ya zubo cikin awa biyu kuwa gudu yake yi, ya kwashe ƙasar gona, musamman inda masu gawayi suka sare itatuwa, ya jibge yashi a gindin madatsa. Duk yashin da ya kwanta, gurbin ruwa ya cinye. Shi ya sa shekarar ambaliya kan iya ƙarewa da rijiya busasshiya.

Zafi kuma tasa ɓarnar a ɓoye yake yin ta. Faɗin tafkin ya kai murabba'in kilomita 178, kuma abin da rana da iskar hunturu ke tsotsewa daga samansa a shekara ya fi abin da sama ke zuba masa kai tsaye. Idan zafin Maris da Afrilu ya ƙaru, shuka ma ƙishinta ƙaruwa yake yi.

Mutanen gabas ne ke biyan bashin. Kogin Kano na haɗuwa da Challawa ya zama Kogin Haɗeja, ya nufi dausayin Haɗeja da Nguru, ya bi Komadugu Yobe zuwa Tafkin Chadi. Tun da aka datse Kogin Kano, ambaliyar da masunta da manoman shinkafa suka dogara da ita ta ragu, ciyawar kachala kuma ta toshe hanyoyin ruwa da dama.