Malam Aminu Kano da Kujerar Majalisa

Malam Aminu Kano ya yi shekara talatin da 'yan kai yana siyasa, amma cikin waɗannan duka shekara biyar kaɗai ya zauna a Majalisar Wakilai ta Ikko, watau daga 1959 zuwa 1964. Mai karatu zai so ya san dalilin da ya sa mutumin da talakawa suka bi haka ya daɗe bai sami kujera ba, da kuma abin da ya same shi sa'ad da ya samu. Amsar tana ga irin zaɓen da ake yi a Jihar Arewa a zamanin nan.

An haife shi a unguwar Sudawa cikin birnin Kano a shekarar 1920. Mahaifinsa, Malam Yusufu, malami ne, ya kuwa yi aikin mufti a kotun alƙali. Saboda haka tun yana yaro ya san karatun allo da na littattafai, ya kuma ga yadda ake shari'a a ƙarƙashin En'e. Ya yi Midil ta Kano, sa'an nan ya tafi Kwalejin Kaduna, ya fita a 1942, aka kai shi Midil ta Bauci ya koyar. A can shi da Malam Sa'adu Zungur da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa suka riƙa taruwa suna muhawara bisa haraji da aikin tilas da ikon sarakuna. A 1946 aka aike shi Landan ƙaro ilmin koyarwa. Bayan komowarsa ya sa hannu wajen kafa ƙungiyar malaman makaranta ta Arewa, aka kuma naɗa shi shugaban makarantar horon malamai ta Maru a ƙasar Sakkwato.

Ran 8 ga Agusta, 1950, waɗansu samari takwas suka kafa jam'iyyar NEPU a Kano, wadda ake kira Jam'iyyar Neman Sawaba. A shekarar nan Malam Aminu ya ajiye aikin gwamnati ya koma gida ya shiga cikinsu, a 1953 kuwa ya zama shugabanta. Manufarta ita ce talaka ya sami hannu cikin mulkin garinsu, a gyara kotunan alƙalai, a rage ikon En'e.

Zaɓen 1951 hawa-hawa aka yi shi. Masu biyan haraji sukan zaɓi wakilan unguwa, waɗannan su zaɓi na gunduma, har a kai ga taron lardi, inda ake fid da 'yan majalisa. A hawan ƙarshe doka ta ba En'e dama ta ƙara mutanenta cikin masu zaɓe. NEPU ta ci da yawa a hawan farko cikin birnin Kano, amma kafin a kai ƙarshe an tankaɗe mutanenta duka. Ban da wannan, En'e ce ke ba da izinin lacca, 'yan doka da kurkuku da kotu duk a hannunta suke, manyan ma'aikatanta kuwa galibi 'yan NPC ne. A zaɓen 1954 Malam Aminu ya tsaya a Kano, Malam Maitama Sule na NPC ya kā da shi.

Sai a Disamba 1959 aka yi zaɓen tarayya kai tsaye a Arewa da ƙuri'ar asiri, ko da yake maza kaɗai aka bari su jefa. Nan ne ya ci kujerar Kano ta Gabas, NEPU ta sami kujeru 8 cikin 312. To, a nan wani al'amari mai wuya ya ɓullo. NEPU tana da ƙawance da NCNC ta Dokta Azikiwe, NCNC kuwa ta haɗa gwamnati da NPC, Tafawa Ɓalewa ya ci gaba da zama Firayim Minista. Sai ga Malam Aminu zaune a sashen gwamnati tare da jam'iyyar da yake yaƙi da ita a gida. Aka ba shi muƙamin mataimakin mai tsawatarwa na gwamnati, watau wanda ke lura da 'yan majalisa su zo su jefa ƙuri'a yadda gwamnati ke so. Ya kuma shiga cikin wakilan Nijeriya zuwa Majalisar Ɗinkin Duniya. A lokacin nan kuwa magoya bayansa a ƙauyuka ana ta kama su ana ɗaurewa. Waɗansu cikin jam'iyyar suka ga ƙawancen nan ya ɗaure masa baki, shi kuwa bai ga hanyar da ƙaramar jam'iyya za ta rayu ba in babu babbar abokiya a Kudu. A zaɓen 1964 NEPU ta shiga ƙawancen UPGA, ya rasa kujerarsa. A Janairu 1966 soja suka rushe majalisar baki ɗaya.

Bayan wannan bai sake zama ɗan Majalisar Wakilai ba. Janar Gowon ya naɗa shi kwamishinan sadarwa a 1967, daga baya na lafiya, har 1974. A 1978 ya kafa PRP, ya tsaya takarar shugaban ƙasa a 1979 bai ci ba. Amma jam'iyyarsa ta ci gwamna a Kano da Kaduna, Alhaji Abubakar Rimi da Alhaji Balarabe Musa suka soke haraji da jangali. A zaɓen nan kuma matan Arewa suka jefa ƙuri'a, abin da ya daɗe yana nema.

Ya rasu a Kano ran 17 ga Afrilu, 1983. An sa sunansa ga filin jirgin saman Kano da asibitin koyarwa, gidansa na Gwammaja kuwa, wanda ake kira Mumbayya, ya koma hannun Jami'ar Bayero, inda ake nazarin siyasa da mulkin jama'a. Wanda ya auna rayuwarsa zai ga yawancin abin da ya nema, kamar ƙuri'ar mata da soke haraji da ƙwace kotu da 'yan doka daga hannun En'e, an same su ne bayan ya bar majalisa. Allah Ya jiƙansa.